Fadamar da aka yanka fulotai

Malam, Allah ya ƙara basira. Wannan ƙagaggen labari da ka kawo a rahotonka, na tsohon da aka yanka masa fadama aka sayar fulotai, ni ban ɗauke shi ƙage ba. Tamkar kawuna ake ba da labari.

A gefen kogin Gongola muka taso, ƙasa da madatsar Dadin Kowa. Fadama ɗaya ce take ciyar da mu shekara guda cur: shinkafa da damina, ruwa na janyewa a kafa mali a kama tarwaɗa da karfasa, rani ya shigo a dasa tumatir da albasa, sannan Fulani su shigo da shanu su ci harawa su bar mana taki. Mata kuwa kaba suke yankowa su saƙa tabarma.

Inda nake da ja da marubucin shi ne da ya ɗora laifin duka kan attajirin da ya saya. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma in an karɓe gona, diyyar amfanin da ke kanta ake biya. To kifin da bai shigo ba tukuna, wa zai ƙiyasta kuɗinsa? Kuma mu faɗi gaskiya, wasu magada da kansu suke kiran dillali tun ba a yi sadakar arba'in ba.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gini yake cin gonaki. Na kawuna yanzu gidan bulo ne, kuma duk watan Agusta masu gidan da bokiti suke kwana.