Wanda ya kai azumi ba sigari, zai iya rabuwa da ita

Duk watan azumi ina lura da wani maƙwabcinmu, direban babbar mota da ya kusa shekara 50. Ana kiran magariba zai jefa dabino ɗaya a baki, ya kurɓi ruwa, kafin kunu ya huce har ya zagaya bayan gida ya kunna kara. Rannan na ce masa, "Yaya, wanda ya yi awa 14 bai zuƙa ba, me zai hana ya ƙarasa?" Sai ya girgiza kai ya ce, "Ni kam bakin alƙalami ya bushe, shekara 30 ina sha."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ba gaskiya ba ce, kuma ita ke riƙe da dattawa da yawa a hannun taba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya da hawan jini suke fara sauka. Cikin awa 12, iskar guba ta hayaƙin, wadda ke hana jini ɗaukar iska mai kyau, ta ragu ta koma daidai. Wato kullum kafin faɗuwar rana jinin Yayana ya wanke kansa, da magariba shi kuma ya sake ɗura masa. Da zai daure, tsakanin mako 2 zuwa 12 huhunsa zai fara buɗewa, tarin asuba da haki su ja baya cikin watanni. Shekara guda, haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Shekara 10, haka na kansar huhu.

Binciken da wani likita mai suna Richard Doll ya fara kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su tsawon shekara 50, ya nuna mai shan taba kan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya daina yana ɗan 30 yakan ceto kusan dukkansu, ɗan 50 ya ceto 6, ɗan 60 ma ya samu 3. Rai na hannun Allah, ba musu, amma Shi ne Ya hane mu jefa kanmu ga halaka.

Ga kuma iyali. Matar da ke kwana ɗaki ɗaya da shi da jaririn da ke bayanta suna shaƙar hayaƙin da ba su saya ba.

Na san dainawa ba wasa ba ce. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, na kama jiki, kwanakin farko mutum zai yi ta ƙunci, ga ciwon kai, ga rashin barci. Sai dai ƙawar kan taso ne ta yi 'yan mintuna ta lafa, kuma likita na da abin da zai taimaka. Abin da ya fi wuya shi ne teburin mai shayi da majalisar dare, inda aboki zai miƙo kwali ba ka roƙa ba. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma har yau yara ake aike su sayo wurin mai tireda. Hukuma ta yi sakaci a nan, mu ma iyaye mun yi.

Na roƙi Yaya bana ya sa daren farko na azumi ya zama ranar dainawarsa, ya kuma faɗa wa matarsa da yaran motarsa, kada wanda ya sake miƙa masa ashana.