Wai duba-gari za ta zama?

Ɗiyar yayana ta nemi likitanci, aka ba ta gurbi a sashen nazarin muhalli. Ranar da ta kawo jerin darussansu gida, Yaya ya duba ya ga kimiyyar sinadarai, ya ga labarin ƙasa, ya ga tattalin arziki, can ƙasa har da shari'a da nazarin zamantakewa. Sai ya miƙo min takardar ya ce, "Kai da ka yi boko, wannan karatu ne ko fate-fate? Shekara huɗu, ta ƙare a duba-gari?"

Aka kwashe da dariya. Ni dai na ce a bar ta ta je, kuma ga hujjata.

Ku tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010. Agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyukan, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga baya yara suka shiga amai da jijjiga, sai rasuwa. Tsakanin Anka da Bukkuyum an binne yara sama da 400. Likita zai auna jini ya ce dalma ce, iyakarsa ke nan. Daga ina ta fito? Wannan sai masanin duwatsu, shi zai ce dutsen da ake haƙowa don zinare cike yake da dalma. To me ya sa sai a lokacin? Farashin zinare ne ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, noma kuma ba ya riƙe gida. Yaya aka yi ta kama yaron da ko ramin bai taɓa gani ba? A cikin gida ake daka dutsen a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gidan da yake rarrafe yana kai hannu baki.

Ga inda ya fi ɗaure kai. Maganin da ke fitar da dalma daga jini aikin banza ne muddin yaron zai koma kan ƙasar nan. Dole a fara kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa. Shiga tsakar gidan mutum a kwashe masa ƙasa kuwa, sai an bi ta hannun mai gari da liman, an kuma samu matan da za su zauna da matan gida. A ƙauyen Bagega da ke Anka sai 2013 aka yi aikin, ana jiran kuɗi, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na jira, yara na kwance. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Yanzu a gaya min, wane sashe guda na jami'a ne zai ɗauki wannan kaya shi kaɗai? Kowa ya riƙe gaɓarsa. Wanda muke nema shi ne mai jin yaren likita, ya karanta sakamakon gwajin ƙasa, ya kuma san yadda ake gaida dagaci. Fate-faten da Yaya ke yi wa dariya, mutumin nan ake son ya dafa mana.

Sai dai Yaya na da gaskiya ta wani gefen. Na ga waɗanda suka gama karatun nan sun taɓa komai, ba su riƙe komai ba. Za su yi maka lacca kan ɗumamar yanayi, amma ka ba su ruwan rijiya su gwada, sai kallon-kallo. Aikin ma ba a tsince yake ba, duk da tun 1992 doka ta ce a auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, kuma an kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007.

Shi ya sa na ce mata tun daga aji biyu ta kama abu guda ta ƙware, ko gwajin ruwa da ƙasa, ko zanen taswira da kwamfuta, ko ƙididdiga. Hutu kuma kada ya ƙare a ɗaki. Ta je unguwar Sharaɗa a Kano ta ga launin ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima, ta bi shi ta ga lambunan da ake ba ruwa da shi.

Ta ce, "Kawu, to in Baba ya sake cewa duba-gari fa?"

Na ce ta tambaye shi yaushe rabon da a gwada rijiyar gidansu. Ni ma tawa ban taɓa gwadawa ba, na ce da ita za ta fara.