Ranar da Na Je Ƙirga Kalmomin Uwa

Shekara 11 ke nan ina koyarwa a jami'a, kuma bincikena a kan yadda yara suke koyon magana ne, tun daga gwaranci har zuwa lokacin da baki zai buɗe sosai. Duk wanda yake wannan fagen ya san aikin Betty Hart da Todd Risley, waɗanda suka bi iyalai 42 a jihar Kansas ta Amurka suna naɗar hirarsu awa ɗaya a kowane wata, sannan a 1995 suka ƙiyasta cewa kafin shekara huɗu ɗan talaka yana jin kalmomin da suka gaza na ɗan masu ilimi da wadata da kusan miliyan 30. Sai na ƙudura cewa ni ma zan ƙirga kalmomin da uwa Bahaushiya take faɗa wa ɗanta, na zana takarda mai layuka, na rubuta "uwa" a saman babban gurbi, na bar wani ɗan siriri a gefe mai suna "sauran mutane".

Wata ɗalibata ce ta samo mini gida a cikin birnin Zariya, inda akwai yaro ɗan shekara biyu da rabi. Maigidan ya ba da izini tun a zaure, muka shiga muka gaida Hajiya, kakar yaron, wadda ta saurari bayanina har ƙarshe sannan ta tambaye ni ko gwamnati ce take biyana albashi domin in saurari surutun yara. Na amsa da cewa haka ne, ranki ya daɗe, ita kuwa ta yi salati ta ce duniya ta zo ƙarshe. Na saka 'yar na'urar naɗar murya a aljihun rigar yaron, na maƙale bakin aljihun da fil, na koma gindin bishiya da alƙalamina ina jiran uwa ta fara magana.

Uwar ba ta fara ba. Awa guda ta wuce tana tsince shinkafa, yaron yana kewaya ta, amma ko kallon kirki ba ta yi masa ba, kuma da ya kusa faɗawa cikin kwata abin da ta ce kawai shi ne, "Kai, wane!" Na rubuta kalma biyu, zuciyata tana bugawa, domin na fara hango maƙalar da zan gabatar a taron ƙasa da ƙasa game da uwar da ba ta yi wa ɗanta magana. Da na kasa haƙuri, sai na matsa na ce mata cikin ladabi ta ɗan kira sunansa ta yi masa hira. Ta rufe fuska da gyale ta shige ɗaki, matan gidan kuwa suka kwashe da dariya har wata ta zubar da tsaki.

Hajiya ce ta warware mini. "Ke 'yar nan, a ina aka haife ki? Ɗan fari ne fa, kuma sunan marigayi mijina gare shi. A gabana kike so ta kama sunansa?" Abin takaicin shi ne a Zariya aka haife ni, kuma ni ma 'yar fari ce, har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana na yanka ba. Bugu da ƙari, duk shekara ina koya wa ɗalibai binciken Elinor Ochs a tsibirin Samowa, inda ta nuna cewa yayye da dangi ne suke ɗaukar kaso mai yawa na raino da hira da yaro, har ina kayar da waɗanda suka manta da shi a jarrabawa.

Da daddare na kunna abin da aka naɗa, awa biyar cur. Kalmomin uwar ba su cika layi ɗaya ba, amma ɗan siririn gurbin nan ya cika tun a minti 20 na farko, har na koma rubutu a bayan takarda. Hajiya tana tsokanar yaron da "maigidana, ina cefane?", 'yan matan gidan suna yi masa waƙa, mai tallar ƙosai tana ciniki da shi, almajiri yana bara, rediyo yana labaran rana, ga wata akuya da ta fi uwar yawan magana nesa ba kusa ba. Bayan azahar kuma, da alama an manta da na'urar, domin sai da na saurari doguwar muhawara a kan ko ina da miji, da kuma dalilin da ya sa ya bar ni ina yawo gidajen mutane.

Yaron dai bai ce mini uffan ba duk yinin, ina riƙe da alawa ina roƙonsa ya ce "mota". Sai can wajen ƙarshen naɗin na ji muryarsa tangaran, da irin karin harshen kakarsa, yana cewa, "Malama ba ta da aikin yi." Na maimaita wurin sau uku ina neman kuskuren nahawu, ban samu ba, sai na rubuta: jimlar korewa, kalma shida, cikakkiya. Washegari ɗalibar ta tambaye ni ko za mu kawo jimlar a matsayin misali a cikin maƙalar, na ce mata za mu kawo, amma ta cire kalmar farko ta sa ɗigo uku.