Zaɓen ciyaman ɗin esteit ɗinmu: ni dai Hajiya zan yi

Jama'ar esteit ɗinmu na Lokogoma a Abuja, Asabar ɗin nan ne fa zaɓen shugabannin ƙungiyar masu gidaje, kuma guruf ɗin WhatsApp ya koma filin kamfen, wannan ya turo fosta wancan ya turo muryar minti tara, amma har yanzu ban ga wanda ya zauna ya auna abin da 'yan takarar ciyaman ɗin nan uku ke cewa za su yi ba. To bari ni in faɗi nawa, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri, unguwa ɗaya muke kwana.

Alhaji mai ci yanzu duk kamfen ɗinsa kalma ɗaya ce, tsaro. A rufe get ƙarfe goma na dare, a hana 'yan acaɓa da masu ruwa da baban bola shigowa, sannan ba zai ƙara ko sisi a kuɗin wata ba. Daɗin ji kam akwai, shi ya sa ake ta tafa masa. Amma don Allah Alhaji, masu gadin da za su rufe get ɗin nawa ake biyansu? Tun Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a dubu 70, namu ba su kai nan ba, kuma sai wata ya yi nisa ake ba su. Ku leƙa ɗakin gadin babbar get ku gani, benci ɗaya ne da tocila mai tsagaggen gilashi an ɗaure ta da roba, littafin rubuta baƙi ya cika tun tuni suna rubutu a bayan bangonsa. Mutumin da ke cikin wannan hali ka ce shi zai tare ɓarawo? Kuma maganar hana masu ruwa, wanda ke da bohol a gidansa ne kaɗai zai faɗe ta da sauƙin baki. Mu da famfo ke mana zuwan sallah, su ne ruwanmu. A yi musu rajista da katin shaida mana, ba kora ba.

Injiniya shi kuma mutumin kirki ne wallahi, kuma ya san aiki, ba na ja. Yana so a ninka kuɗin wata, a shimfiɗa intalok daga get har masallaci, a sa fitilun sola a kowane layi, a haɗa kuɗi a sayi sabuwar taransifoma. Batun sola na yarda da shi ɗari bisa ɗari, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janaretan fitilun titi ya zama kayan ado, ga wuta ita ma tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, naira 225 kowane yunit ba wanda ke wasa da mita. Taransifoma kuwa a ƙa'idar hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan bil ba, in ma jama'a za su saya to da rubutacciyar yarjejeniyar yadda za a mayar musu da kuɗinsu. Ciyaman na gari takarda zai rubuta ya bi ta ofis ofis, ba ya fara da aljihunmu ba.

Sai intalok, nan ne ni da Injiniya muka raba gari. Kowa ya san ciwon Lokogoma ruwa ne. Kwalbatin da ke ƙasan layinmu ya cushe da yashi da ledar fiya wata, wani bawan Allah ma ya ɗora katangarsa daidai kan hanyar ruwa kuma kowa ya yi shiru saboda babban mutum ne. Mun ga abin da ya faru a esteit ɗin Trademore ta Lugbe a Yunin 2023, gidaje sama da 100 ruwa ya shanye har hukumar Abuja ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Ka zuba miliyoyi a titi ba ka gyara magudana ba, damina biyu ta isa ta kwashe duwatsun ta kai su rafi, sai a dawo a ce a sake haɗa kuɗi.

Hajiya, tsohuwar akanta ce da ta yi ritaya, ita ba ta da fosta mai kyau kuma ba ta iya zaƙin baki ba, a mitin ɗin da ya wuce ma wasu hamma suka riƙa yi tana magana. Abin da ta ce shi ne kafin a ƙara ko a rage kuɗin wata, a fara buɗe littafi. A kawo mai binciken kuɗi daga waje, a daina karɓar kuɗi a hannu ko ta akawun ɗin wani mutum, komai ya shiga akawun ɗin ƙungiya, ba a cire ko naira sai da sa hannun mutum biyu, duk wata uku a liƙa bayanin banki a get kowa ya karanta. Ta kuma tambayi abin da ba wanda ya amsa, ƙungiyar nan tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce irin waɗannan ƙungiyoyi su riƙa kai rahoton shekara, to yaushe rabon da mu kai? Ni ban ce wani ya ci kuɗi ba, Allah ya kiyaye in yi wa mutum ƙazafi. Amma gidaje da yawa sun daina biya ne don ba su ganin inda kuɗin ke zuwa, ba don babu ba, kuma in suka dawo biya ƙila ninkawar da Injiniya ke nema ma ba za ta taso ba.

Inda na ɗan saɓa da ita shi ne 'yan haya. Ta ce a ba su kujera ɗaya a kwamiti, ni kuma na ce bai isa ba. Mai gida yana Kano ko Landan, sau ɗaya a shekara yake leƙowa karɓar haya, ɗan haya ne ke biyan kuɗin gadi da na shara, shi ne ruwa ke shigar wa falo, amma ranar zaɓe a ce masa ya tsaya waje? Wanda ke da rasit ya yi zaɓe kawai. Duk da haka cikin su ukun ita kaɗai ce ma ta tuna akwai su.

Kuma don Allah masu bi gida gida da daddare suna cewa a zaɓi namu, ɗan jiharmu, ɗan masallacinmu ko cocinmu, ku bari. Kujerar kwashe shara da biyan masu gadi ce fa, ba ta gwamna ba.

Kwamitin zaɓe, roƙona ɗaya, ku liƙa sunayen masu zaɓe a get tun ranar Alhamis, kuma a ƙirga ƙuri'u a gaban kowa, ba a ofis ba.