Ɓarauniyar hanya ba ta zaɓen mai bi

Tun watan Fabrairun 2025, da kamfanin Apple ya janye wa mazauna Birtaniya tsarinsa mafi ƙarfi na kulle bayanan iCloud, wato ma'ajiyarsa ta intanet, abin yake tsaye mini a rai. Rahotanni sun nuna gwamnatin ƙasar ce ta aika masa umarni a asirce, ƙarƙashin wata dokar bincike ta 2016, cewa ya buɗe mata hanyar leƙa ajiyar mutane. Kamfanin ya gwammace ya cire makullin ɗungurungum. Ba Apple nake karewa ba, shi ma ribarsa yake dubawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yan amshin shata da ba sa gajiya da cewa ai mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Masu wannan magana sun ɗauka bayanai suna dawwama a hannun wanda ya tara su. Ina! Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasar Holan tana da rajistar jama'a mai tsari ƙwarai, har da addinin kowa, kuma don sauƙaƙa aikin hukuma aka yi ta. Da 'yan Nazi suka mamaye ƙasar a 1940, wannan rajista ce ta taimaka musu wajen bin mutane gida-gida. Kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Holan aka hallaka. Ranar da aka rubuta addininsu a takarda, wane laifi suke ɓoyewa? Ba sai mun yi nisa ba ma: a 2021 na'urorin ɗaukar zanen yatsa da hoton ƙwayar ido da sojojin Amurka suka bari a Afganistan sun faɗa hannun Taliban.

Sai kuma tatsuniyar cewa za a iya haƙa ɓarauniyar hanya wadda jami'an tsaro kaɗai za su bi. A 2024 masu kutse da Amurka ta danganta da gwamnatin China, waɗanda ake kira Salt Typhoon, suka shiga manyan kamfanonin sadarwa irin su AT&T da Verizon. Cikin wuraren da aka ce sun taɓa har da tsarin da doka ta tilasta wa kamfanoni su tanada domin hukuma ta riƙa sauraren waya. Daga baya jami'an Amurka da bakinsu suka shawarci jama'a su koma manhajojin da ke kulle saƙo daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Wato abin da hukumomin leƙen asiri suka daɗe suna ƙorafi a kai, shi suka ruga suka fake a bayansa da wuta ta kama.

Wasu za su ce ai ba maganarka ake ji ba, lambar da ka kira ce kawai da lokaci da wurin da kake. Kawai? Wanda ya san ka kira asibitin masu taɓin hankali da tsakar dare, washegari ka kira lauya, me kuma yake buƙatar ji? Tsohon shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, Michael Hayden, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa da irin waɗannan bayanan suke kashe mutane.

Batun ta'addanci kuwa, bayan tonon sililin Edward Snowden, wanda ya fallasa asirin hukumar NSA, hukumar sa ido ta gwamnatin Amurka ta bincika shirin kwashe bayanan kiran waya a 2014, ta ce ba ta ga bincike ko ɗaya da shirin ya sauya sakamakonsa ba. Manhajar leƙen asirin waya ta Pegasus ma don farautar 'yan ta'adda aka ce an ƙera ta, amma a wayoyin 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam aka riƙa tsintarta.

A bi wanda ake zargi da izinin alƙali, ba wanda ya hana. Sauran jama'a a rabu da su, a kuma sa wa'adin goge duk abin da aka tara. Ministan da ke ganin wannan ya yi tsauri, ya fara miƙa wa 'yan adawa lambar buɗe wayarsa.