Takarda ba ita ce uwar waƙa ba

Wani bawan Allah da ke tallar takardar kiɗan Auld Lang Syne, tsohuwar waƙar ƙasar Sikotilan, a intanet tun shekaranjiya, yana cewa wai asalin waƙar kenan kamar yadda Robert Burns, mawaƙin Sikotilan, ya ƙirƙiro ta, baiti da kari (wato sautin da ake rera ta da shi), ya kai ni maƙura. Har goge maganar duk wanda ya yi masa gyara yake yi. Kuɗin da yake karɓa bai dame ni ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda ya share mutanen da suka riƙe waƙar nan a bakinsu tun kafin wani ya ɗora mata alƙalami.

Burns da kansa bai yi wannan iƙirarin ba. A wasiƙar da ya aika wa George Thomson, mai tattara waƙoƙi yana bugawa, a 1793, ya ce tsohuwar waƙa ce, daga bakin wani dattijo ya ji ta ya rubuta. Masana na ganin ya ƙara baitocinsa, kuma babu mai hana shi wannan yabo. Amma mutumin da ake jingina wa waƙar ya nuna dattijo, kai kuma ka zo bayan shekara fiye da 200 ka ce babu dattijon? Haba malam! Tun 1711 wani mai buga littattafai, James Watson, ya buga wata waƙa a Edinbara, babban birnin Sikotilan, mai kusan irin wannan mabuɗi. Burns kuwa sai 1759 aka haife shi.

Karin ma da kake sayarwa, wanda duniya ke rerawa daren shiga sabuwar shekara, ba shi aka fara bugawa da baitocin ba. Da James Johnson, wani mai buga waƙoƙi, ya fitar da waƙar a kundin Scots Musical Museum a 1796, shekarar da Burns ya rasu, da wani kari daban ta fito. Thomson ne ya haɗa ta da wanda muka sani a 1799, lokacin Burns na da shekara 3 a kabari. To wace takarda ce asalin? Babu ko ɗaya. Takarda hoto ce da aka ɗauki waƙar rana ɗaya tana kan tafiya.

Wani ya ce min ai ƙungiyar mawaƙa na buƙatar rubutu guda da kowa zai bi. Su bi mana, wa ya hana su? Su dai daina kiransa asali. Wani kuma ya ce abin da ba a rubuta ba babu hujjarsa. Ashe kenan waƙoƙin niƙa da na daɓe da iyayenmu mata suka gada babu su, sai ranar da wani ɗalibi ya sa su a kundin digirinsa. Wallahi wannan magana ta yi min ciwo, don da irinta ake ƙwace wa talakawa abinsu a rubuta sunan mai takarda a kai.

Mai neman takardar da gaske, kada ya biya kowa ko sisi. Laburaren Ƙasa na Sikotilan ya ɗora tsofaffin kundayen nan a intanet kyauta. Na Johnson kaɗai juzu'i 6 ne, waƙoƙi 600, daga 1787 zuwa 1803. Ka buɗe juzu'i na 5, ka ga tsohon karin da idonka a dusasshen bugu, ka sa mai iya karanta kiɗa ya buga maka shi. Ni a kunnena ya fi na yanzu taushi da sa kewa.

Af, a Japan ma karin nan na Thomson ya zama ɗan gida. Sun ɗora masa baitocinsu da harshensu, suna rera shi a bikin yaye ɗalibai, kuma shaguna da yawa shi suke sakawa da dare idan suna so masu sayayya su gane an kusa rufe ƙofa.