Ba ranar da iyaye suka gaza ake fara shirya 'yan'uwan mai nakasa ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa idan iyaye suka tsufa, yaya ko ƙanwa za su karɓi kula da ɗan'uwansu mai nakasa kai tsaye, tunda tare suka tashi. Bincike kan irin waɗannan iyalai, musamman a Amurka, ya nuna abin ba ya zuwa da sauƙi haka. Yawancin 'yan'uwa suna son taimakawa, amma ba a sa su cikin shawara, sai nauyin ya faɗo musu kwatsam bayan rashin lafiya ko rasuwar uwa. Kuma galibi 'ya'ya mata ne ke ɗauka, wani lokaci har karatunsu ya tsaya.

Tashi gida ɗaya ba ya koyar da sunan magani. Mai farfaɗiya da ke shan kabamazefin, idan aka yanke masa shi farat ɗaya don ba wanda ya san adadi ko asibitin da ake karɓowa, faɗuwar na iya dawowa da tsanani. Don haka a rubuta sunan kowane magani, adadinsa, lokacin sha da lambar katin asibiti, a ajiye inda kowa ya sani.

A Amurka, dokar IDEA, wato dokar ilimin yara masu nakasa, ta wajabta wa makaranta tsara shirin rayuwar bayan makaranta tun matashi mai nakasa na shekara 16, kuma dole a gayyace shi zaman tsara shirin. Wannan gayyatar ce aka fi mantawa da ita a gidajenmu. A tambaye shi wace sana'a yake so, da wa yake son zama, a koya masa riƙe kuɗi da hawa mota shi kaɗai gwargwadon iyawarsa. Sannan a raba ayyukan tsakanin 'yan'uwa maza da mata tun iyaye na da ƙarfi.